Manhajar da Ba Ta Jiran Sabis: Yadda Rahoto Ke Tashi Daga Dauran Zuwa Abuja

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Jihar Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ce ta nemi a yi hakan, da zummar toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce za a yi. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, amma sauran jihar, har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku ke nan babu kira, babu saƙo, babu tura kuɗi, ga kasuwannin mako-mako a rufe. Mai son jin muryar ɗansa da ke ci-rani a Legas sai ya hau mota ya bar jihar.

Ciwo kuwa bai jira kowa ba. Ƙarshen damina ne, lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma a wannan shekarar ce kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ma'aikacin lafiya na nan da rijistarsa, ana jiran ya ƙirga, ya rubuta, ya aika sama. Abin da gwamnati ta yi da umarni na wata uku, mutanen ƙauyukan da ke zagaye da Dauran, a ƙaramar hukumar Zurmi, sun daɗe da saninsa ba tare da umarnin kowa ba. Turken da babu man janareto, ko wanda masu gadinsa suka gudu, shi ma a kashe yake.

Duk wanda zai tafiyar da aiki a irin wannan wuri, allurar rigakafi ce ko rabon abinci ko ƙidayar 'yan gudun hijira, dole ya riƙe kayan aikin da ba su dogara da sabis ba. Waɗanda suka fi jure wannan hali a arewa sunayensu ODK da DHIS2 da SORMAS. Babu kamfanin da ya mallake su irin mallakar da Microsoft ya yi wa Windows. Buɗaɗɗun manhajoji ne, kuma sun shafe sama da shekara goma a aljihun ma'aikatanmu, galibi ba tare da masu riƙe da su sun san haka ba.

Kowace manhaja rubutu ce da wani ya zauna ya yi, umarni bayan umarni. Kamfani kan ɓoye wannan rubutu, ya sayar maka da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa rubutunta na fili, kuma lasisinta ya ba kowa dama ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya raba. Manomin fadama zai gane bambancin da sauri: akwai injin ban-ruwa da kowane makanike a Ƙaura zai kwance ya sa masa sabon zobe, akwai kuma wanda aka liƙe kansa aka ce in ya tsaya sai dai a mayar wa kamfani. Richard Stallman ya fara wannan yunƙuri a Amurka a 1983, Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, kuma a kan Linux ɗin aka gina Android da ke cikin kusan kowace Tecno da Itel da ake sayarwa a kasuwar waya.

Fom a cikin waya

A 2008 wani malamin kwamfuta na Jami'ar Washington, Gaetano Borriello, da ɗalibansa, cikinsu har da Carl Hartung da Yaw Anokwa, haifaffen Ghana, suka fara ODK. Tun farko sun gina ta ne don wuraren da wuta da intanet ba su da tabbas.

Ga yadda take aiki. Jami'i a Gusau ko Abuja zai tsara tambayoyi a jadawalin Excel, layi ɗaya tambaya ɗaya, ya ɗora a babbar kwamfutar da ma'aikata ke kira saba. Mai duba aiki zai sauke fom ɗin a wayarsa a inda akwai sabis, a ce cikin garin Ƙaura. Daga nan wayar ba ta ƙara buƙatar kowa sai caji. Yana isa asibitin ƙauye fom ɗin zai fara tambayarsa: firij ɗin allura na aiki? Sanyinsa na tsakanin digiri 2 da 8? Ɗauki hoton takardar da ake rubuta sanyin safe da yamma. In ya ce babu firij, fom ɗin zai tsallake duk tambayoyin firij ya wuce gaba. In tambaya ta shafi yaro ɗan ƙasa da shekara biyar sai ya rubuta wata 70, wayar za ta ƙi karɓa. A ƙarshe ta nemi alamar wurin da yake tsaye, wadda take samu kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, ko da kuwa babu sanda ko ɗaya ta sabis. Ta kuma rubuta lokacin da ya buɗe fom da lokacin da ya rufe. Duk wannan zai zauna a cikin wayar, kwana ɗaya ko mako uku, har ranar da ya shiga inda zai danna ya tura.

Alamar wuri da agogon nan su ne suka sauya yadda ake kula da aiki. A zamanin takarda, mutum na iya zama a bakin tasha ya cika fom goma na asibitoci goma, ya sa hannu, ya karɓi alawus. Yanzu fom goman za su fito a kan taswira a tsibi ɗaya, kusa da mai shayi, kowanne an cika shi cikin minti biyu.

Yaƙi da shan-inna ne ya yaɗa wannan salo a arewa. Har zuwa wajen 2012, masu ɗiga rigakafi gida-gida na bin taswirar da aka zana da hannu, wadda takan manta da rugage da ƙananan ƙauyuka. Sai aka koma taswirar tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba tawaga waya tana rubuta duk inda suka taka, aka buɗe cibiyoyin tsara aikin gaggawa a Abuja da Kano da Katsina da Sakkwato da wasu jihohi. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda Evelyn Castle da Adam Thompson suka kafa a 2009 kuma take da mazauni a Kano, tana cikin waɗanda suka riƙe ɓangaren fasaha. Ba duka kayan aikin ne buɗaɗɗu ba, wasu na kamfanoni ne, amma fom ɗin duba aiki da na neman yaran da ƙafarsu ta shanye a ODK aka riƙa cika su. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan-inna ta bar Afirka. Nau'in da ya rage yana yawo a arewa maso yamma, kuma ya fi samun mafaka a garuruwan da tawaga ba ta iya shiga. Taswirar tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, ba ta dai iya buɗe hanyar zuwa.

Kobo, wadda ƙungiyoyin agaji suka fi riƙewa wajen ƙidayar 'yan gudun hijira da rabon tallafi, a kan rubutun ODK aka gina manhajarta ta waya. Babu wanda ya kai wani kotu, domin lasisin ya halatta.

Lissafin ƙarshen wata

Aikin da ya fi kowanne cin lokacin in-cajin asibitin karkara shi ne na ƙarshen wata. Zai baje rijistoci a kan tebur, ta marasa lafiya na waje, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ya bi layi-layi yana ƙirga, ya zuba jimilla a doguwar takardar taƙaitawa. Takardar za ta hau babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in tattara bayanai zai buga ta cikin DHIS2. Da zarar ya tura, Gusau da Abuja za su gani a allo guda.

Ita wannan manhaja asalinta Afirka ta Kudu ne. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, masana daga Cape Town da Jami'ar Oslo ta Norway suka zauna haɗa bayanan lafiyar da tsohuwar gwamnati ta rarraba bisa launin fata. Manufarsu, kuma a riƙe wannan, ita ce ma'aikacin gunduma ya yi amfani da lissafinsa da kansa wajen yanke shawara. An fara amfani da sabon zubinta a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuma sama da ƙasashe 70 ke tafiyar da bayanan lafiyarsu a kanta. Najeriya ta amince da ita a matsayin rumbu ɗaya na ƙasa a 2013. Kafin nan shirin PRRINN-MNCH, da kuɗin Birtaniya da Norway, ya yi shekaru yana gyara rijistoci da rahoton wata-wata a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe. Ɓangaren rigakafi na manhajar a Kano aka fara gwada shi a 2014.

Sai ga abin da ya kunyata kowa. Alƙaluman ofis suna nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na yaran Najeriya sun karɓi allurar penta zagaye na uku. Da masu bincike suka shiga gida-gida a 2016 da 2017, suna duba kati suna tambayar iyaye mata, sai suka samu kashi 33. A Sakkwato kashi 3 ne. Zamfara ma tana can ƙasan jadawali. A tsakiyar 2017 Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta tara. In aka ɗora wa ma'aikaci adadin da ba zai iya kaiwa ba, aka kuma nuna masa cewa faɗa na jiran duk wanda ya gaza, biro zai cike giɓin. Ga kuma matsalar adadin jama'a. Har yau daga ƙidayar 2006 ake hasashen yara nawa ne a kowace mazaɓa, ana ƙara kaso kowace shekara, kamar kowa na zaune inda aka same shi. A arewacin Zamfara kuwa ƙauyuka sun watse, mutanensu sun tare a cikin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura. Asibitin gari zai nuna ya yi wa fiye da kashi 100 allura, na ƙauye ya nuna sifili. Mai kallon allo a Abuja zai iya yaba wa na farko ya tsawata wa na biyu, alhali yaran ɗaya ne, wuri suka sauya.

Shi ya sa wani lokaci ba makawa sai an fita da ƙafa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta jihar suka auna damtsen yara kusan 97,000 a Shinkafi da Zurmi da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, kore da rawaya da ja. Yaron da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja. Kashi 27 aka samu da tamowa, wato fiye da ɗaya cikin kowane yara huɗu. Yawancin waɗannan yara ba su cikin rijistar kowa kafin ranar, domin rijista wanda ya zo asibiti kaɗai ta sani.

Sanƙarau, da manhajar da ta tafi Jamus

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a arewacin Zamfara. Sai a watan Fabrairun 2017 labarin ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Nau'in C ne, allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya kuwa ta nau'in A ce. Rigakafin nau'in C kaɗan ne a duniya, yana ajiye a wani rumbu na haɗin gwiwa da ba a buɗe shi sai ƙasa ta kawo lissafin masu cutar mako-mako da shaidar ɗakin gwaji. Kowane makon da rahoto ya yi a hanya, mako ne da allura ta yi ba ta taso ba. Kafin annobar ta lafa, sama da mutum 14,000 sun kamu a ƙasar, sama da 1,100 sun rasu, Zamfara ce ta fi kowace jiha asara.

A daidai lokacin ana kan gina maganin irin wannan jinkiri. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya da ODK suka yi aiki. Daga wannan darasi masana na Najeriya da cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Braunschweig a Jamus suka tsara SORMAS. An gwada ta a Kano da Oyo a 2015, aka buɗe rubutunta ga kowa a 2016, aka fara aiki da ita gadan-gadan a annobar ƙyandar biri ta 2017. Ta wuce fom, domin tana raba aiki: da jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma ya shigar da mara lafiya, ɗakin gwaji zai ga ana jiran sakamakonsa, mai bin sawu zai ga gidajen da zai ziyarta yau, shugabansu kuma zai ga wanda bai yi nasa ba. A 2020 korona ta sa aka kai ta duka jihohi da ƙananan hukumomi 774.

A wannan shekarar ce kuma ofisoshin lafiya na Jamus, waɗanda da yawansu ke aika rahoto ta na'urar faks, suka fara ɗaukar SORMAS. Manhajar da ma'aikatan Kano suka fara nuna wa kurakuranta ita ce ta je ta yi wa Turawa aiki. Ba kasafai kaya ke bin wannan hanya ba.

Ofis kuwa, WhatsApp ne

Da an bar harkar lafiya aka shiga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko ofishin ilimi, ko ƙungiyar ci gaban gari, labari ya sha bamban. Mai tafiyar da aiki na gaskiya a nan shi ne zauren WhatsApp. A ciki ake kiran taro, a ciki ake tura hoton ginin aji da ya kai linta, a ciki ake ba da umarni da saƙon murya na minti huɗu. Umarnin yakan nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. In aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, ko wayarsa ta faɗa ruwa, tarihin aikin shekara uku ya tafi da shi. Wanda ya gaje shi zai fara da tambayar masinja, domin sau da yawa masinja ne ya fi kowa daɗewa a ofishin.

Akwai buɗaɗɗun manhajoji da aka yi don wannan ciwo. Redmine, tun 2006, da OpenProject ta Berlin, suna ba kowane aiki shafinsa: wa aka ɗora wa, yaushe zai gama, nawa aka kashe, me ya tsayar da shi. Nextcloud tana ajiye takardun ofis a kwamfutar ofis ɗin. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati 30,000 kan LibreOffice da Linux, don kada aikinta ya rataya a wuyan wani kamfani na waje.

Ni dai ba zan ba sakatariyar da ba ta da wuta shawarar ta fara da waɗannan ba. An gina su ne don mutanen da ke zaune gaban kwamfuta da intanet daga safe zuwa yamma. A kafa su a inda babu sola, wata biyu ya isa a manta da kalmar sirri. Abin da ya dace da mu shi ne wanda ya riga ya ci jarrabawar yankin: fom ɗaya na ODK ga kowace rijiyar burtsatse da kowane ginin aji, da hoto, da alamar wuri, da kwanan wata, ana cikawa duk wata. An ma taɓa yin irinsa a faɗin ƙasa. Tsakanin 2011 da 2014 ofishin muradun ƙarni na fadar shugaban ƙasa, tare da Jami'ar Columbia, ya aika masu ɗauke da wayoyi suka ƙirga makarantu da asibitoci da wuraren ruwa a ƙananan hukumomi 774 da irin wannan fom. Kuma a Zamfara aka nuna amfanin jama'a su san lissafin aiki: a 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara Follow The Money a kan ƙauyen Bagega, suna bin sawun kuɗin kwashe gubar dalma har gwamnatin tarayya ta sake su a farkon 2013.

Abin da ake buɗewa da abin da ake rufewa

A yankin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum kisa, dole a yi hattara da zancen buɗewa. Rubutun manhaja ne a buɗe, bayanan da ke cikinta kuwa ba a buɗe suke ba. Jerin sunayen matan da suka karɓi tallafin kuɗi, da lambobin wayarsu, da alamar ƙofar gidajensu, in ya faɗa hannun da bai dace ba ya zama jerin waɗanda za a bi. ODK na iya kulle fom tun a cikin waya, ta yadda ko an ƙwace ta ba za a karanta abin da aka kammala ba, amma sai wanda ya tsara fom ɗin ya kunna wannan kariya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai tarawa. Shi kansa ma'aikacin da ya tsaya a tsakiyar ƙauye yana ɗaga waya sama don ta kama tauraro, kowane ɓangare na iya yi masa mummunar fahimta. Wanda ya tsara fom a ofis mai sanyi ya sa alamar wuri ta zama tilas, ya kamata ya san abin da yake nema daga mutum.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne harshe. ODK na karɓar fassara cikin sauƙi, shafi ɗaya ake ƙarawa a jadawalin a rubuta Hausar kowace tambaya, har da ƙ da ɗ da ɓ. Duk da haka fom da yawa da Turanci suke zuwa, kowane ma'aikaci ya fassara a tsaye yadda ya ga dama. Mutum biyu su yi wa uwa ɗaya tambaya ɗaya su dawo da amsa biyu.

A ɓangaren yaɗa ilimi kuwa abin ya fi armashi. Wikipedia ta Hausa, wadda ke tafiya a kan buɗaɗɗiyar manhajar MediaWiki, ta tara dubun-dubatar maƙaloli da hannun 'yan sa-kai, ko da yake shafukan garuruwanmu da yawa ba su wuce layi uku ba. Kiwix, wadda ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ta a 2007 mazaunin Bamako ne, tana dunƙule Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda da za a karanta ba intanet, a tura wa aboki daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura fim. Jami'ar Ahmadu Bello ta zuba kundayen digirinta a rumbun Kubanni, a kan manhajar DSpace, inda ɗalibin Shinkafi zai iya sauke binciken da aka yi kan ƙasarsa ba tare da ya je Samaru ba.

Ina makaniken?

Kyauta ce, amma riƙe ta ba kyauta ba ne. Saba na cin kuɗin haya ko na wuta, wayoyi na fashewa, ma'aikaci na buƙatar data, sannan dole wani ya zauna yana sabunta manhajar. A Disambar 2021 aka gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan ƙaramin yanki da dubban manhajoji ke amfani da shi, har da DHIS2. Masu kula da ita sun fitar da gyara cikin gaggawa, amma kowace ƙasa sai da ta samu mutumin da zai ɗora gyaran a tata sabar.

Kusan duk wannan hidima masu ba da tallafi na waje ne ke biya. Ranar 20 ga Janairu, 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Cikin makonni aka sallami ma'aikatan tattara bayanai a ƙasashe da dama, aka tsayar da shirin binciken lafiya na gida-gida da USAID ta ɗauki nauyi tun 1984. A nan buɗaɗɗen lasisi ya nuna amfaninsa da iyakarsa lokaci guda. Babu wanda zai iya ƙwace DHIS2 daga hannun Najeriya ko ya ce lasisi ya ƙare. Sai dai 'yancin kwance inji ba ya amfanar garin da ba shi da makanike.

Masu iya wannan aiki suna Abuja da Kano da Legas, akwai kuma cibiyar HISP, masu kula da DHIS2, ta yankinmu a Lome. A Ƙaura Namoda kuwa akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1983, tana yaye ɗaliban kwamfuta kowace shekara, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Darussan farko na DHIS2 kyauta ne a intanet, akwai ma rumbun gwaji da aka cika da bayanan kwaikwayo na Saliyo don mai koyo ya yi ta ɓatawa yana gyarawa. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu zai iya kafa sabar ODK ga ƙaramar hukumarsa, ko ya fassara fom ɗin duba asibiti zuwa Hausa, ko ya zana unguwannin garinsu a buɗaɗɗiyar taswirar OpenStreetMap bayan ya shawarci masu gari kan abin da bai kamata ya fito ba. Kowanne cikin waɗannan ya fi wani sabon tsarin biyan albashi na bogi da za a ɗaure a ajiye a kanta.

Giɓin da ya fi girma ma ba ya buƙatar injiniya. Rahoto na tashi daga Dauran ya bi Zurmi ya bi Gusau ya isa Abuja da Geneva, amma da wuya ya dawo. In-cajin da ya kwana yana ƙirga bai cika ganin zanen da lissafinsa ya haifar ba, balle kwamitin ci gaban mazaɓa ko hakimi. Mutumin da bai taɓa amfana da lissafi ba, ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen gyara shi, abin da mutanen Cape Town suka hango ke nan tun farko. DHIS2 na iya fitar da shafi ɗaya ga kowace mazaɓa: yara nawa suka fara allura, nawa suka kammala, mata nawa suka zo awo, watanni nawa maganin zazzaɓi ya yanke. Mazaɓu 147 ne a Zamfara, wato takarda 147 a wata, a rubuce da Hausa, a miƙa wa in-caji ranar da ya kawo rahotonsa ya liƙa a bangon asibiti. Abin da ake buƙata firinta ce mai tawada a kowace sakatariya 14, da umarni daga Gusau da ya ambaci sunan jami'in da aikin ke kansa.